Idan Inji Ya Shiga Waƙa, Muryar Wa Ake Ji?

Gabatarwa

A garin Bune, cikin gundumar Gure ta jahar Damagaram, akwai sautin da duk wanda ya haura shekara hamsin ya tashi da shi a kunne: bugun taɓarya a turmi tun kafin fitowar rana, da gurzar dutsen niƙa, da muryar mace tana bin su da waƙa. Sautin bai ɓace ɗungum ba, amma wani ya danne shi. Injin niƙa yana ruri a bakin kasuwa, babura suna ratsa rairayi, injin wuta yana kaɗawa a rumfar mai cajin salula. Daga cikin salular kuma wata murya ce take fitowa, siririya mai santsi, wadda da jin ta an san ta bi ta cikin na'ura kafin ta iso kunne.

A kan wannan murya ake yawan samun saɓani tsakanin malamin makaranta da ɗalibinsa, ko tsakanin dattawan ƙungiyar raya al'adu da matasan da suke son jawowa. Dattijo ya ce wannan ƙara ce kawai, kuma ko da an kira ta waƙa, to waƙar ƙarya ce, tunda maƙogwaron ɗan Adam bai fitar da ita haka ba. Yaro ya ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Kowannensu ya riƙe gefe guda na gaskiya, ya saki ɗayan. Abin da ke ƙarƙashin gardamar tambaya ce ta ɗabi'a kafin ta zama ta kiɗa: shin mawaƙin da ya shigar da inji cikin waƙarsa ya ci amanar mai sauraro? Idan kuwa shigar da injin kaɗai ba cin amana ba ne, da wane ma'auni za a raba mai gaskiya da mai algus?

Domin a ga lamarin sosai, yana da kyau a fara da waɗanda suka kai shi ƙarshe, wato makaɗan Turai da Amurka da suka ɗauki ƙarar masana'anta kanta suka mai da ita kiɗa, sannan a dawo gida.

Faifai uku na farko

A shekarar 1977 wata ƙungiyar makaɗa a Landan mai suna Throbbing Gristle ta fitar da faifanta na farko, The Second Annual Report, a ƙarƙashin ƙaramin kamfanin da ta kafa wa kanta, Industrial Records. Daga sunan wannan kamfani ne aka laƙaba wa irin kiɗan sunan kiɗan masana'anta. Faifan ba shi da amshi mai daɗi, ba shi da karin da za a taka rawa da shi. Gurnani ne na na'urori da muryoyin da aka naɗo aka daddatsa. A lokacin masana'antun Ingila suna durƙushewa, rashin aiki yana ƙaruwa, makaɗan kuma suna ganin waƙar da za ta yi daɗi a irin wannan hali yaudara ce.

Shekara huɗu bayan haka, a 1981, wasu matasa a Barlin ta Yamma, birnin da katanga ta kewaye a wancan zamani, suka fitar da faifansu mai suna Kollaps, wato rugujewa. Sunan ƙungiyar, Einstürzende Neubauten, ma'anarsa sababbin gine-gine masu rushewa. Makaɗinsu ya sayar da gangunansa saboda rashin kuɗi, sai ya haɗa wasu daga tarkacen ƙarfe da ya tsinto. Da faranti na ƙarfe da guduma da na'urar huda bango suka yi kiɗa, har sun taɓa naɗar sauti a cikin wani kogo da ke jikin gadar babbar hanyar mota.

Na ukun shi ne ya kai wannan salo gidajen jama'a. A birnin Cleveland na Amurka, ɗaya daga cikin biranen ƙarfe da arzikinsu ya ja baya, wani saurayi mai suna Trent Reznor yana aiki a ɗakin naɗar waƙoƙi, yana taimakon injiniya yana kuma shara da goge-goge. Mai ɗakin ya ba shi izinin amfani da na'urori a lokutan da babu kowa. Daga wannan aikin dare aka samu Pretty Hate Machine, faifan farko na Nine Inch Nails, wanda ya fito a 1989. Reznor ya buga mafi yawan kayan kiɗan da kansa, ya gauraya bugun na'ura da gitar rok, ya ɗora waƙoƙi a kan kaɗaici da cin amana da bautar kuɗi. Daga baya an sayar da miliyoyin kwafi.

Abu biyu ya haɗa waɗannan faifai. Na farko, dukansu na farko ne, kuma faifan farko yana da wata daraja da na baya ba su da ita. Mai yin sa ba shi da suna da zai kare, ba shi da kuɗin hayar gwanaye, abin da ke kusa da hannunsa kawai yake da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: talaucinsa da garinsu da abin da kunnensa ya sha tun yana yaro duk suna fitowa fili. Na biyu, babu ɗaya daga cikinsu da ya ɓoye injin. Sun tsayar da shi a gaban mai sauraro kamar shaida a gaban alƙali, suna nuna cewa wannan ita ce ƙarar da mutanensu suke rayuwa a cikinta, kuma ga abin da ta yi musu.

Kiɗan sana'a tsohon abu ne

Wanda ya san ƙasar Hausa da ta Barno ba zai yi mamakin a yi kiɗa da kayan aiki ba. Kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Maƙera suna da dundufa, mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma da ke tafe da su kunya bayan kunya a ranar gayya. A maƙera kuwa, tun kafin makaɗi ya iso, zuga-zugi da guduma da uwar maƙera sun riga sun tsara bugunsu. Mata suna da lugude, inda biyu ko uku za su haɗu a turmi ɗaya, taɓarya tana tashi sama ana tafi kafin a cafe ta. Kuge da ake bugawa a fada ƙarfe ne tsantsa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yin kokonsa da gwangwanin kifi, kuma da shi ya yi wa karen mota waƙa. Gwangwanin da masana'antar wata ƙasa ta ƙera aka ci abin ciki aka yar, shi ne ya zama bakin da ya yi magana a madadin yaron da ke rataye a bayan babbar mota. Matasan Barlin ba su yi abin da ya wuce wannan ba.

Yankin Bune ma ya san aiki mai kama da na masana'anta tun kafin zuwan Turawa. Bune tsohuwar hedikwatar masarautar Muniyo ce kafin sarauta ta koma Gure, kuma matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ƙasar a watan Disamba na 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Arzikin ƙasar Mangawa a lokacin kanwa ce da gishirin mangul. Da rani ma'aikata suna taruwa a kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi, a kankare ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan a ƙananan tukwane bisa murhu har ya daskare, fatake su ɗora wa jakuna da raƙuma su nufi kasuwannin Hausa da Barno. Aiki ne na jama'a da yawa, mai hayaƙi da zufa, kowa da matsayinsa.

To, idan kiɗa da kayan aiki ba baƙo ba ne, mene ne sabo? Sabon abu shi ne wanda yake riƙe da gudun aikin. A turmi, mai daka ita ce take yanke saurin bugu. In ta gaji ta sassauta, in ranta ya ɓaci ta tsananta, in abokiyar dakanta tsohuwa ce ta jira ta. Waƙar tana fitowa daga numfashinta, numfashin kuma yana bin ƙarfin jikinta. A gona, mai ganga yana duban manoma, in ya ga gwiwa ta yi sanyi ya kira sunan gwarzo ya zuga shi. Inji ba ya duban kowa. Shi yake yanke gudu, mutum ya bi, kuma ƙararsa ba ta barin gurbin da murya za ta shiga. Wanda ya taɓa tsayawa a layin injin niƙa ya san ko gaisuwa sai an ɗaga murya, balle waƙa.

A nan ne ya kamata a yi adalci ga ɓangarori biyu. Injin niƙa rahama ce ga mata. Ya ɗauke musu sa'o'i na durƙuso da ciwon baya da kanta a tafin hannu, kuma babu wanda bai taɓa riƙe ɗan dutse ba da yake da bakin cewa a koma. Amma dutsen niƙa ya kasance majalisar mace. A kansa take yi wa kishiya habaici, ta kai ƙarar miji ba tare da ta ambaci sunansa ba, ta yabi ɗan fari da kunya ta hana ta kira, ta yi begen gidan iyayenta. Mutanen gida suna ji, kowa ya ɗauki nasa, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya domin waƙa ce. Da injin ya ɗauke wahalar, sai ya haɗa da majalisar. An samu sauƙi, an yi asara, duka biyu a rana ɗaya. Makaɗan masana'anta na Turai a kan irin wannan asara suke kuka, sai dai su sun rasa muryar tun zamanin kakanninsu, shi ya sa ƙarar kaɗai ta rage musu su yi kukan da ita.

Yadda inji ya shiga waƙar Nijar

A Nijar inji ya shiga waƙa ta wata ƙofa dabam. A 1978 Mamman Sani, wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO, ya naɗi faifansa na farko a gidan rediyon ƙasa a Yamai da ogan ta lantarki ƙirar Italiya. Kaset kaɗan aka buga. Da yawa daga cikin karin da ya buga daga waƙoƙin gargajiya na al'ummomin ƙasar ya ɗauko su, ya zuba su a na'ura, suka fito a natse kamar iskar asuba. Shekaru da dama rediyo da talabijin suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri, jama'a suka haddace shi ba tare da da yawansu sun san mai shi ba. Sai a 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da faifan, duniya ta ji.

Misali na biyu ya fi kusa da muryar da ke fita daga salular yaron Bune. Mahamadou Souleymane, wanda aka sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga jahar Tawa. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, don haka gitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya tafi Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a irin ɗakunan da ake naɗar waƙoƙin finafinan Hausa, waɗanda a Nijar ake kira dandalin soyayya. Abin da ɗakin yake da shi, shi aka ba shi: bugun ganga na na'ura da manhajar gyaran murya. Sai aka samu abin da ba a saba ji ba, waƙar Tamashek da gitar hamada, sanye da rigar kiɗan fiyano na Hausa. Ba a kai faifan kanti ba. Daga salula zuwa salula ya yi tafiya, ta Bluetooth da ƙananan katunan ajiya, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta a wani kundi na waƙoƙin salular Sahara, ya bi sawu har ya gano mai ita. An buga Anar a faifai a 2014, kuma a 2021 da 2024 Mdou Moctar ya fitar da Afrique Victime da Funeral for Justice, inda ya yi magana a kan zaluncin da ake yi wa Afirka da halin da harshensa yake ciki.

Manhajar da ta gyara muryarsa a Sakkwato tana da tarihi mai ban mamaki. Sunanta Auto-Tune, ta fito a 1997, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aiki a harkar neman man fetur, inda ake aika sauti cikin ƙasa a auna amsawarsa domin a gane abin da ke ƙarƙashi. Lissafin da ake neman mai da shi, irinsa aka juya ake daidaita murya. Jahar da matatar mai ta SORAZ take aiki a cikinta tun 2011 tana da dalilin yin tunani a kan wannan: muryar da ke cikin salula da man da ke cikin babur ƴan gida ɗaya ne.

Ado da algus

Yanzu a koma ga ƙarar da dattijo ya shigar, cewa muryar da na'ura ta gyara ƙarya ce. Kasuwa ta riga ta raba abu biyu da ake iya rikitawa. Akwai ado, akwai algus. Matar da ta sa lalle da kwalli ba ta yaudari kowa ba, domin kowa ya san ba a haifi mutum da jan tafin hannu ba. Wanda ya zuba tsaba mai kyau a bakin buhu ya cusa ƙaiƙayi a ƙasa, shi ne ya yi algus, domin ribarsa ta dogara ga rashin sanin mai saye. Bambancin yana ga ɓoyewa. An ƙirƙiro Auto-Tune ne domin ta gyara kuskuren mawaƙi a asirce, mai sauraro ya ɗauka gwaninta ce. Wannan amfani shi ne ya fi kusa da algus, kuma shi ne wanda kunne ba ya kamawa. Amma muryar Anar, da muryoyin waƙoƙin finafinai, an murɗa manhajar ne har ƙarshe, yadda ko yaro ya san na'ura ce. Wanda ya nuna maka kayan aikinsa a fili bai yaudare ka ba. Ana iya ƙin sautin, ana iya cewa bai kai muryar Ɗan Gurmu ko ta Ma'azu Ɗan Alalo daɗi ba, amma wannan hukunci ne na ɗanɗano, bai kai tuhumar cin amana ba.

Sai dai wanke mawaƙi daga wannan tuhuma bai rufe shari'ar ba, domin akwai wasu ƙararraki uku da suka fi ta nauyi.

Ta farko, na'ura tana iya mai da muryoyi duka iri ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma da can ana gane Badamagare da Ba'adare da Bamange daga yadda kowanne yake karya murya. Idan ɗaki ɗaya da manhaja ɗaya suka goge wannan bambanci, mai sauraro ya rasa sanin daga ina ake yi masa magana. Abin da ya ceci Anar shi ne harshen da salon gitar sun ƙi goguwa, ana jin hamada a ƙarƙashin santsin.

Ta biyu ta shafi abinci. Fiyano ɗaya yana yin aikin makaɗa biyar. Duk bikin da aka kira mai na'ura da lasifika, akwai gidan masu kalangu ko masu algaita da ba a ɗora tukunya ba, kuma ɗan gidan yana gani, ba zai gaji sana'ar da ba ta ciyar da ubansa ba. Salular da ta kai waƙar Mdou Moctar ƙasashe ba ta kawo masa ko dala ba a shekarun farko. Wanda ya tura wa abokinsa waƙa yana ganin alheri ya yi, bai tuna akwai mai haƙƙi ba.

Ta uku tana kan masu ƙarar ƙarfen kansu, domin kada a ɗauka duk abin da ya yi kaushi gaskiya ne. Throbbing Gristle sun yi wasa da hotunan sansanonin kisan gilla na ƴan Nazi da labaran masu kisan kai, suna cewa tona asiri suke yi, amma tazarar da ke tsakanin nuna mugun abu domin a ƙi shi da nuna shi domin a ja kasuwa siririya ce, kuma da yawa daga masu koyi da su sun faɗa ɗaya gefen. Fushin da ya fito daga ɗakin shara na Cleveland ya zama haja, ana buga shi a riguna ana sayarwa. A ɗaya hannun, jagoran ƙungiyar Ministry, Al Jourgensen, ya daɗe yana nesanta kansa da faifansu na farko na 1983, mai laushi da santsi, yana cewa kamfani ne ya tilasta masa salon. Ke nan ana iya yin ƙarya da santsi, ana iya yin ta da kaushi. Ƙara ba hujjar gaskiya ba ce, kamar yadda daɗin murya ba hujjarta ba ne.

Ma'aunin da ya rage, bayan an tace duk wannan, bai dogara ga kasancewar inji ko rashinsa ba. Tambaya uku ce. Shin mawaƙin ya ɓoye abin da ya yi amfani da shi? Shin bayan na'urar ana jin mutum, da garinsu, da abin da ke damun mutanensa? Shin waɗanda aka ɗauki karinsu da guminsu sun samu rabonsu? Waƙar da ta tsallake waɗannan ta riƙe amana ko da kwamfuta aka yi ta. Wadda ta faɗi a kansu ta ci amana ko da gurmi aka buga ta, domin maroƙin da ya wasa azzalumi da kayan kiɗan kakanni bai fi yaron situdiyo gaskiya ba.

Abin da ya hau kan malamai da ƙungiyoyi

Ƙasar Gure ta haifi mutumin da ya nuna wata hanya. Malam Mamman Barka ɗan Taskar ne, arewa da Gure, kuma malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gaɓar Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ganin shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, dattijon ya ba shi nasa biram, kuma a 2009 aka fitar da faifan da ya kai sautin ƙasashen waje. Malam Barka ya rasu a 2018. Ba don na'urar naɗar sauti ba, da abin da ya koyo ya bi shi kabari kamar yadda ya kusa bin malaminsa. Inji a nan ya zama ma'aji. Amma sai da mutum ya fara yin tafiya, ya durƙusa gaban tsoho, kafin na'urar ta samu abin da za ta ajiye.

Wannan shi ne aikin da ke jiran malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu a Bune da Gure da sauran garuruwa irinsu. Hana yaro sauraron abin da ke cikin salularsa ba ya yiwuwa, kuma ko ya yiwu ba zai dawo da waƙar niƙa ba. Abin da yake yiwuwa shi ne a juya salular. Kowace unguwa tana da tsofaffin mata da suka yi niƙa a dutse, waƙoƙin suna nan a bakinsu da Barbarci da Hausa da Fillanci, ba wanda ya tambaye su shekara da shekaru. Akwai tsofaffin da suka yi aikin kanwa da gishiri, da maƙera, da masu jan ruwa a rijiya. Ɗalibi zai iya zuwa wurin kakarsa ya nemi izininta, ya naɗi muryarta, ya rubuta sunanta da garinsu da lokacin da ake yin waƙar da wanda ake yi wa habaicin. Ƙungiya za ta iya adana abin da aka tara a wuri fiye da ɗaya, ta kuma tsaya a kan cewa duk wanda zai ɗauki wani kari ya sa a waƙarsa sai ya ambaci mai shi, in an samu kuɗi a kai mata rabonta. A aji kuma malami zai iya sa wa ɗalibai lugude, ya sa musu Mamman Sani, ya sa musu Anar, har da ɗan guntun ƙarar matasan Barlin, ya tambaye su wa yake riƙe da gudu a kowanne, mutum ko na'ura, kuma me mai waƙar yake son a sani game da rayuwarsa. Yaron da ya koyi yin wannan tambaya ba zai ƙara sauraro kamar da ba.

Kammalawa

Wata rana wani yaro daga cikin waɗanda ke zaune a rumfar mai caji zai naɗi faifansa na farko. Da abin da ke kusa da hannunsa zai yi shi, kamar kowane mai farawa: salula mai tsagaggen gilashi, manhajar da aka tura masa kyauta, wataƙila da rurin injin niƙa yana shigowa ta taga. Babu laifi a cikin ko ɗaya. Abin da zai yanke ko faifan zai zama na Bune ko kuwa kwafin wani ɗaki a Kano ko Legas shi ne abin da kunnensa ya tara kafin ranar. Idan a cikin katin ajiyarsa, kusa da waƙoƙin zamani, akwai muryar kakarsa tana niƙa tana yi wa kishiyarta habaici, zai san cewa a garinsu an taɓa yin aiki da gudun numfashin mutum, kuma zai sami abin da zai gaya wa injin. Tsofaffin da ke riƙe da waɗannan waƙoƙi suna raguwa kowace shekara, don haka tattara su aikin bana ne.